Saitin BIOS na lantarki da na kayan da ake jonawa: yadda kwamfuta za ta tashi da kanta idan wuta ta dawo

Wani mai shago ya turo tambaya mai rassa. Yana da kwamfutar tebur tokumbo, ita ke naɗar hotunan kyamarorin tsaron shagonsa, kuma da ita ake buga rasit. Duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai wani ya zo ya danna maɓalli, in da daddare ne kuwa haka za ta kwana a mace. Ya gwada shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi, ya gyara, kibod ya ƙi amsawa. Sannan ya ji an ce idan ya kunna wani saiti wai shi ErP, fitilar maus za ta daina ci bayan an kashe kwamfuta, batirin inbatarsa ya huta. Yana kuma son ya riƙa tayar da ita da wayarsa daga gida. Daga ƙarshe, firintar rasit mai tsohuwar waya ta daina aiki tun da wani yaro ya taɓa masa saitin.

Malam, sannu da ƙoƙari. Rabin tambayoyinka duk a kan wayar lantarki guda ɗaya suke rataye, don haka da ita zan fara.

Idan ka buɗe kwamfutar tebur ta yau da kullum ka dubi babbar igiyar da ta fito daga fawa fak, akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, zuwa madabod, babban allon da komai ke jone a kai, za ka ga waya ɗaya mai launin shunayya. Wannan wayar tana ɗauke da bolt 5 ko da ka kashe kwamfutar, muddin filogi yana jikin soket kuma akwai wuta. Tun 1995, lokacin da Intel ya fito da tsarin ATX, maɓallin gaban kwamfuta ya daina zama makunnin da ke yanke lantarki kai tsaye. Saƙo kawai yake aikawa ga wani ɗan ɓangaren madabod da ba ya barci, shi kuma ya umarci fawa fak ta koriyar waya cewa ya saki sauran wutar. Saboda haka abin da muke kira "na kashe kwamfuta" gyangyaɗi ne da kunne ɗaya a buɗe. Wannan kunnen ne ke jin danna maɓalli, shi ke jin saƙon da ya zo ta wayar intanet, shi ne kuma ya bar fitilar maus ɗinka tana ci. A ƙa'idar ACPI, wadda Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996, ana kiran wannan hali S5. S0 shi ne kwamfuta na aiki, S3 barci ne wanda RAM ke riƙe da aikinka da 'yar wuta kaɗan, S4 kuma an kwashe abin da ke RAM an ajiye a diski. Idan aka zare filogi ko aka ɗauke wuta gaba ɗaya, sunan halin G3. Ka riƙe waɗannan sunaye, domin da su BIOS ke magana, kuma ba ya yi wa kowa fassara.

Sai shiga BIOS ɗin, tunda nan ka maƙale. Sababbin kwamfutoci UEFI, magajin BIOS, suke da shi, amma baki ya saba, kowa BIOS yake cewa, ni ma haka zan ci gaba da cewa. Maɓallin shiga ya danganta da kamfani: a HP F10 ne, a Dell F2, a kwamfutocin tebur na Lenovo F1, a madabod ɗin ASUS da Gigabyte da MSI kuwa Delete. Za ka fara dannawa ne da zarar ka kunna, kafin tambarin Windows ya fito. Idan kibod bai amsa ba, cire shi daga ramin USB na gaba ko mai shuɗin ciki, ka sa shi a baƙin rami na baya, na jikin madabod kansa. Kibod marar waya ma ka ajiye shi gefe tukuna. Idan kwamfutar tana da zagayayyen ramin nan na PS/2, mai launin shunayya na kibod, kore na maus, ka aro tsohon kibod ka jona tana kashe, sannan ka kunna, domin shi ba a jona shi kwamfuta na aiki.

Abu biyu ne suka fi jawo wannan kurumtar. Na farko Fast Boot, wanda ke tsallake duba kayan USB don a yi saurin tashi. Na biyu Legacy USB Support da aka kashe, wanda shi ne ke sa BIOS ya fahimci kibod na USB kafin Windows ya karɓi ragama. Akwai hanyar zagaye idan Windows 10 ko 11 ne a kai kuma an ɗora shi a tsarin UEFI: ka riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, sai Advanced options, sai UEFI Firmware Settings. Idan ka samu shiga, ka mayar da Legacy USB Support zuwa Enabled, ka kashe Fast Boot. 'Yan daƙiƙun da yake rage maka ba su kai wahalar da yake jawowa ba.

Kafin ka canza komai, ɗauki wayarka ka yi hoton kowane shafi. Na sha karɓar kwamfutar da mai ita ya rantse bai taɓa komai ba, alhali ya juya saiti bakwai ya manta asalinsu. Kuma idan an kulle diskin da BitLocker, makullin diski na Windows, ka nemo lambar cetonsa mai alƙaluma 48 ka ajiye kusa, domin taɓa saitin tsaro irin su Secure Boot ko TPM na iya sa ya tsare ka a ƙofa.

To, ga saitin da ka zo nema. Sunansa na canzawa: Dell na kiransa AC Recovery, HP da Lenovo After Power Loss, Gigabyte AC BACK, ASUS kuma Restore AC Power Loss, galibi a ƙarƙashin Power Management ko APM Configuration. Zaɓi uku ne a ciki. Power Off, ta zauna a kashe har a danna maɓalli, kuma da shi yawancin kwamfutoci ke fitowa daga masana'anta. Power On, ta tashi duk sanda wuta ta shigo. Last State, ta koma halin da take ciki lokacin da wutar ta yanke. Gigabyte Memory yake kiran wannan.

Mutane da yawa Last State suke zaɓa don ya fi kama da hankali, amma ga kwamfutar kyamara ni Power On nake sakawa. Dalilina shi ne UPS, na'urar batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta. A ce kana da UPS mai manhajar da ke kashe Windows cikin natsuwa idan batir ya kusa ƙarewa. Kwamfutar ta mutu da kanta, halinta na ƙarshe ke nan "a kashe", don haka idan wuta ta dawo Last State zai bar ta a kwance. Power On bai damu da tarihi ba. Sai dai shi ma akwai inda yake faɗuwa: idan manhajar ta kashe kwamfutar, sannan wuta ta dawo kafin UPS ɗin ya yanke nasa fitarwar, madabod bai taɓa ganin wuta ta ɗauke ba, saboda haka ba shi da dalilin tashi. Maganinsa a manhajar UPS yake, inda ake saita shi ya yanke wutarsa bayan kwamfuta ta mutu, ya sake saki idan layi ya dawo. Wannan ne ma ya sa idan za ka gwada saitin, kada ka zare filogi ka mayar nan take. Jira kamar rabin minti, 'yar fitilar kan madabod ta mutu, domin fawa fak na riƙe ragowar wuta na ɗan lokaci.

Yanzu bari in faɗa maka abin da masu bidiyon koyarwa ba sa faɗi, domin a ƙasashensu wuta na ɗaukewa sau ɗaya ta dawo sau ɗaya. A nan ka san yadda take: ta kawo, ta ɗauke bayan daƙiƙa biyar, ta sake kawowa rabi-rabi, ga kuma mai janareta yana juya layi. Kwamfutar da ke kan Power On, an jona ta kai tsaye a bango, za ta yi ta yunƙurin tashi a kowane ƙyaftawa. Diski mai juyawa ya fara gudu a katse shi, Windows ya fara rubutu a katse shi, bayan 'yan makonni sai ka wayi gari da shuɗin allo ko fawa fak mai warin ƙuna. Don haka ban yarda a sa Power On ba sai akwai wani abu tsakanin kwamfuta da bango. Tunda kana da inbata, ka ɗora ta a layinta. In ba hali, ko na'urar kariyar nan irin ta firji, wadda ke jira 'yan mintoci kafin ta saki wuta, za ta rage ɓarna sosai. Tunda kuma tokumbo ce, leƙa bayan fawa fak ɗin. Tsofaffin da aka kawo daga Amurka wasu na da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. Na ga wanda yaro ya tura shi zuwa 115 da wasa, ƙara ɗaya aka ji, sai hayaƙi.

Ko ka sa Power On, abu biyu na iya hana ta kaiwa ga aiki. Ɗaya batirin madabod, ɗan faifan nan CR2032 mai bolt 3. Muddin akwai wutar bango ba a cika jin aikinsa ba, amma da an ɗauke shi kaɗai ke riƙe agogo, kuma a kwamfutoci da yawa idan ya mutu saitin kan koma na asali. Alamarsa ita ce kwanan wata ya koma baya da shekaru, ko ta tsaya tana cewa a danna F1. A kwamfutar kyamara wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hoton ɓarawo mai ɗauke da kwanan watan da ba daidai ba wahalar nema gare shi, kuma sauƙin musu gare shi. A tokumbo ni ba na ma auna shi, sabo nake sawa. Na biyun shi ne saitin da ke tsayar da tashi idan an ga kuskure, kamar Halt On, ko Wait For F1 If Error, ko Keyboard Errors. Idan kana cire kibod da daddare kana kullewa a durowa, sai ka saita shi kada ya tsaya don rashin kibod. Sauran aikin na Windows ne: manhajar kyamarar ta zama mai tashi da kanta ba sai an shigar da kalmar sirri ba.

Akwai ƙanin wannan saitin da zai yi maka amfani, wato tashi da agogo. Ana kiransa Resume by Alarm ko Power On By RTC, a Dell kuma Auto On Time. Kana iya cewa kullum ƙarfe 7:30 na safe ta tashi. Ni nakan haɗa shi da Power On, domin ko wani ya kashe ta da gangan da yamma, gari na wayewa za ta dawo bakin aiki.

Mu zo kan ErP da tayarwa daga gida. Malam, a nan ka roƙi abu biyu da ba sa zama inuwa ɗaya. ErP ya samo asali ne daga dokar Tarayyar Turai ta 2008, wadda ta ce kayan lantarki da ke kashe kada su ja fiye da wat 1 daga 2010, aka kuma rage zuwa rabin wat daga 2013. Hanyar da madabod ke bi ya cika wannan sharaɗi ita ce ya toshe kunnen nan da na faɗa maka: ya yanke wuta daga ramukan USB da katin intanet idan an kashe. Fitilar maus za ta mutu, gaskiya ne. Amma cajin waya a jikinta tana kashe ya ƙare, tayarwa da kibod ya ƙare, tayarwa ta waya ya ƙare, a wasu madabod har tashi da agogo ya tafi. Dell Deep Sleep Control yake kiran nasa, HP kuma S5 Maximum Power Savings.

Yi lissafi ka gani ko cinikin ya biya. A ce tana jan wat 2 a kashe, na awa 10, wat-awa 20 ke nan. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce. Ko kashi ɗaya cikin ɗari ba a kai ba, kuma ita kanta inbatar abin da take ci don zamanta a kunne ya ninka wannan sau da yawa. Bar ErP a kashe. Idan fitilar ce ke damunka, wasu madabod na da saitin da ke yanke wutar USB kaɗai a S5, ba tare da an taɓa katin intanet ba.

Tayarwa ta waya kuwa, sunanta Wake on LAN. A ASUS ba za ka ga wannan sunan ba, Power On By PCI-E za ka kunna. Yadda take aiki: katin intanet yana zaune da 'yar wutar nan yana sauraro, har ya ji wani saƙo na musamman mai bayit 102, shida na farko duk FF, sai lambar MAC, wato lambar shaidar katin, an maimaita ta sau 16. Da ya ji lambarsa sai ya tayar da madabod. Dole kwamfutar ta kasance a jone da rauta ta igiyar intanet. Ɗan Wi-Fi na USB ba zai yi maka wannan ba. Hanyar gane ko katin na farke ita ce ka kashe kwamfutar ka leƙa bayanta: idan fitilar ramin wayar na ci, ka yi rabin nasara. A Windows sai ka shiga Device Manager, ka kunna Wake on Magic Packet a katin, sannan ka kashe Fast Startup, wanda ya shigo tun Windows 8 kuma ya sha hana wannan aiki. Ka sani kuma, wasu madabod bayan an ɗauke wuta gaba ɗaya ba sa sauraro sai sun tashi sau ɗaya tukuna.

Daga cikin shagon, a kan rauta ɗaya, wannan zai yi aiki da kowace ƙaramar manhajar waya. Daga gida kuwa aiki ne dabam, domin saƙon ba ya ratsa intanet da kansa ya shigo shagonka. Sai rauta mai iya aika shi da kanta, ko VPN, kuma layukan data na waya galibi ba sa ba ka adireshin da za a iya iske ka da shi daga waje. Shawarata, kwamfutar da ke gadi bai kamata a kashe ta ba balle a yi zancen tayarwa. Power On da agogo sun wadatar.

Firintar rasit ɗinka, idan kan wayarta mai ramuka tara ne, ramin siriyal take amfani da shi. Duba ƙarƙashin Super IO Configuration, ko Integrated Peripherals, ko Onboard Devices, ka ga Serial Port. Ina kyautata zaton yaron ya mayar da shi Disabled, ko ya canza adireshinsa. Na asali ga COM1 shi ne 3F8 da IRQ4, COM2 kuma 2F8 da IRQ3. Idan aka juya su, Windows zai iya ba ramin wata lamba, manhajar rasit kuma tana can tana ƙwanƙwasa COM1. Idan kuma faffaɗan kai ne mai ramuka 25 a jikin kwamfutar, Parallel Port ne, adireshinsa 378 da IRQ7, kuma a zaɓin yanayin aikinsa idan ECP ya ƙi sai ka gwada EPP ko SPP, tsofaffin firintoci sun fi jituwa da na ƙarshen. A kwamfutocin ofis na HP da Dell akwai kuma shafin tsaro inda ake kashe ramukan USB ɗaya-ɗaya. Kamfanonin da suka yi amfani da su a waje kan kulle na gaba don kada ma'aikata su sa filashi, kuma haka suke isowa kasuwarmu. Ramin da ake cewa ya ƙone, sau da yawa a kulle kawai yake.

A wannan shafin dai za ka ci karo da SATA Mode, wato yadda madabod ke magana da diski, mai AHCI da RAID, a tsofaffi har da IDE. Kada ka taɓa shi. Windows ya ɗora direban yanayin da ya tarar ranar da aka saka shi, idan ka canza sai ya faɗi da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Fayilolinka na nan lafiya, mayar da saitin yadda yake kawai za ka yi, amma na ga waɗanda tsoro ya sa suka goge diski suka sake ɗora Windows a kan wannan. Shi ya sa ma nake jan kunne kan Load Defaults: yana iya juya maka SATA Mode ba ka sani ba, ya kuma mayar da Power On ɗinka zuwa Power Off.

Su C-States da SpeedStep da Cool'n'Quiet, a bar kaza cikin gashinta. Su ne ke sa furosesa ya rage gudu da cin wuta idan ba aiki, kuma a kwamfutar da ke kwana a kan batir cikin zafin watan Afrilu, wannan alheri ne. Wanda kawai nakan taɓa shi ne ASPM, mai rage wa katunan da aka soka a madabod cin wuta, idan katin intanet ko katin kyamara na PCIe yana ɓacewa haka kawai bayan awanni. Kashe shi kan daidaita lamarin. Fanka kuma, idan BIOS ya ba ka zaɓi, mai allurai huɗu PWM, mai uku DC, kuma kada ka zaɓi Silent a shagon da ba na'urar sanyaya ɗaki. Bayan kowane hunturu ka buɗe ta ka hure ƙura, domin ba saitin da ke sanyaya ƙarfen da ya toshe.

Wani zai ce maka ka sabunta BIOS ɗin gaba ɗaya. Babu ko ɗaya cikin matsalolinka da ke buƙatar haka, kuma idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta shi, madabod na iya ƙin tashi sam, garin neman gira a rasa ido. In har wata rana ya zama dole, a kan inbata mai cikakken caji za a yi.

Idan ka gama, ka fita ta Save and Exit, a yawancinsu F10, domin Esc na iya watsar da duk abin da ka canza. Canza abu ɗaya, ka ajiye, ka gwada, sannan na gaba. Gwajin ƙarshe ka yi shi yadda abin zai faru da tsakar dare: cire kibod da maus, kashe soket ɗin bango, ƙirga talatin, ka kunna, ka koma gefe ka harɗe hannu har sai ka ga hoton kyamara ya fito da kwanan wata da lokacin da suka dace da na wayarka.